Rijiyar Kumfa

Kumfa muke ce masa, don tun ina yaro ban taɓa ganin hannunsa a bushe ba. Wanki ya gada wurin ubansa, a bakin rijiyar da ke ƙarshen layinmu. Da ita ya aurar da 'ya'yansa mata, da ita yake sayen maganin uwargidansa mai ciwon ƙafa. Ni magini ne, bangonmu ɗaya da shi, kuma kayan aikina ma shi ke wanke mini, yana mitar siminti na cinye masa sabulu.

Wata shekara gwamnati ta ce ruwan rijiya na kawo ciwon ciki, za a rufe rijiyoyi a ba kowace unguwa famfo. Ba mu ƙi ba, wa zai ƙi ruwa mai kyau? Aka tara mu a makaranta wai a ji ra'ayinmu. Kumfa ya sa rigarsa ta fita, ya ɗaga hannu har ya gaji kafin a ba shi dama.

"Ranka ya daɗe, a bari famfon ya kawo tukuna, sannan a rufe."

Jami'in da gwamnati ta turo ya yaba da shawarar, aka tafa. Muna fitowa muka ga motar siminti a ƙofar makarantar. Ashe tun kafin a kira mu an gama magana.

Abin da muka gane daga baya shi ne, ofishin lafiya ke rufe rijiya, ofishin ruwa ke kawo famfo, kuma ba wanda ke jiran wani. Na lafiya suka zo suka zuba siminti. Na ruwa suka kafa kan famfo suka tafi. Kumfa ya je wannan ofis, aka ce ya je wancan. Ya dawo yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wankin yana cin kansa. Kaya suka taru a ɗakinsa har uwargida ta ce ko dai ita za ta koma kwana a waje.

Rannan da safe famfo ya yi tari, ruwa ya ɓarke. Kumfa ya fito ba takalmi yana kirana, wai in zo in ga gwamnati ta cika alkawari. Na ce ya bi a hankali. Ya ce ni dai baƙin ciki ne sana'ata. Ya kwaso kayan mutane kaf, farare da masu launi, ya jera robobi ya jiƙa su da sabulu, don ya huce haushin watannin baya a yini ɗaya.

Manya suka iso da motoci, aka wanke hannu a famfo, aka ɗauki hoto. Ƙurarsu ba ta kwanta ba ruwan ya tsaya. Ashe tankar ruwa ce aka kawo ta cika tankin famfon saboda baƙi. 'Yan garuwa kuwa, da suka ji famfo ya kawo, sun tura kurarsu wata unguwa.

Kaya suka wuni cikin sabulu ba ruwan ɗauraya. Shuɗi ya zuba a kan fari. Kumfa ya bi gida-gida yana mayar da su, yana ba da haƙuri kan laifin da ba nasa ba. Wasu har sun zage shi. Ba wanda ya sake kawo masa ko hula.

Na ɗauko guduma na nufi rijiyar. Ya riƙe mini hannu.

"Bari, ƙanena. In ka fasa ta, ranar ce za su zo da wuri."

Ban saurare shi ba, na fasa simintin. Washegari kuwa suka zo, da siminti da ɗan sanda.

Yanzu Kumfa guga yake yi a shagon wani, a tsaye har yamma, da furfurarsa. Jiya na gaishe shi, na ji tafin hannunsa a bushe kamar nawa.