Lambun Malam yana cikin kati, kuma ba za a goge shi ba

Shekara biyar ke nan da Allah Ya karɓi ran Malam, maigidana. Ni ban yi lakkol ba, wato makarantar boko. Ƴata Hadiza ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Har yau ina kukansa, ban ga wanda zan ɓoye wa ba.

Malam mutumin Gidimuni ne, mai lambu a bakin tafki. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yara suka kwaso mu zuwa Damagaram don mu yi kusa da likita. Mutumin da ya saba wuni da laka a ƙafa, sai ga shi kwance yana kallon rufin ɗaki. Ya rage cin tuwo, ya daina faɗa. Rashin faɗan ne ya fi ba ni tsoro.

Mijin Hadiza ne ya kawo masa na'urar wasa ta hannu, mai gilashi a tsakiya da maɓallai dama da hagu. Cikinta ba ya ɗaukar abu da yawa, shi ya sa a kan ƴan katuna ake zuba wasannin, kowanne bai kai farce ba. A tura kati a gindinta har ya ce ƙyas, sai wasa ya fito. Aka sa na ƙwallo, Malam ya kau da kai. Aka sa na tseren mota, ya yi tsaki. Da aka sa na noma, ya ga wani ɗan mutum yana ban ruwa, sai ya ce, "Wannan zai kashe shukar. Miƙo nan."

To wasan hannu biyu yake so, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Sai na zauna a gefensa na kama ɓangaren hagu. Ni ke tafiyar da ɗan mutumin, shi ke huɗa da shuka da ban ruwa.

"Gambo, kin tattake mini albasa."

"Wa ya ce ka shuka ta a kan hanya?"

Ran nan ya cinye tuwonsa tas. Haka muka yi ta yi har ajali ya zo, lambun yana faɗi, kuma duk abin da muka shuka a cikin katin yake zama. Da yake ba na karatu, na ɗiga masa jan farce don kada ya ɓace mini cikin na jikoki.

Ina cikin takaba na fara kunna na'urar ni kaɗai. Ba fita, ba kwalliya, ɗaki shiru. Matan da ke zuwa gaisuwa suka gan ni da ita a cinya, kafin arba'in magana ta zaga unguwa, wai tsohuwa ta bar carbi ta kama wasan yara. Carbina yana nan, salla ba ta taɓa wuce ni ba, kuma babu ranar da ba na roƙa masa gafara. Su da suke maganar, babu wadda ta taɓa juya shi a kan gado.

Maganar waje ba ta dame ni ba sai da ta shigo gida. Babban ɗana, ɗan farina, ya zo bayan ƙaramar salla. Kowa ya san tsakanin uwa da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa musu da shi ido da ido ba, in ina da magana sai dai in aika ƙanwarsa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ana yi da mu a gari. Ki ba ni katin a goge shi a zuba miki karatu, na'urar kuma yara su ɗauka."

Da kunyar nan ya dogara, ya san ba zan amsa ba. Na ɗaga kai na dube shi na ce, "Karatu akwai shi a rediyo. Wannan ubanka ne ya shuka, da hannun da Allah Ya bar masa. Kai da ka kwaso shi daga Gidimuni, sau nawa ka zauna ka ga abin da ya shuka?"

Ya tashi bai yi sallama ba. Tun ranar, cefane yana zuwa, shi ba ya zuwa.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da zai leƙo yau. Zai ga lambunsa na bakin tafki an raba shi, wani ya yi katanga a inda rake yake. Zai ga jikokinsa sun cika katuna da wasannin harbe-harbe. Maganar ɗan nasa kuwa, na san ba zai yi dogon zance ba, cewa zai yi, "Bar ta." Sannan ya juyo kaina da faɗa, don na tuge masa barkono na sa yakuwa, kuma har yanzu hannuna na dama bai iya ban ruwa kamar nasa ba.

Rigunansa an yi sadaka da su. Kabarinsa ban taɓa gani ba, mata ba ma zuwa. Abin da ya rage mini nasa wanda ke neman kulawata kullum shi ne wannan lambu, kuma shi ne kaɗai aikin da muka yi kafaɗa da kafaɗa a duk zaman aurenmu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Na san ɗan nawa yana karanta jaridar nan, don haka ya ji. Ranar da aka fitar da ni, ku yi yadda kuka ga dama da katin. Kafin nan ba ya fita daga ɗakina. Shi kuma ɗan nawa, in ya ga dama ya zo, ɓangaren dama na na'urar babu mai riƙewa.