Mai Riƙon Igiyar Na'Allah

A Kebbe in ka ce kana neman Maccido sai a tambaye ka wanne, domin sun kai biyar. In ka ce Maccido Mai Igiya kuwa, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka gidan. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba, kullum yana gindin ɗorawar ƙofar gidansa yana tufka igiyar rama. Yawancin mutane sun ɗauka tufkar ce ta jawo masa sunan. Ba ita ba ce.

Asalin sana'arsa haƙar rijiya, shi da taubashinsa Na'Allah, ɗan goggonsa Dada. Danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Na'Allah ɗan siriri ne, ka rantse iska za ta ɗauke shi, ga baki ba ya hutawa, kuma tun suna yara bai taɓa kiran Maccido da wani suna ba sai "bawana", irin na wasan taubasai. Shi ne mai shiga rami, Maccido ke riƙe masa igiya.

Sana'ar tana da doka guda wadda ba a wasa da ita: mai shiga ba ya sauya mai riƙo. Shi mai riƙon yana ɗaura bakin igiyar a ƙugunsa, ba ya cin goro, ba ya amsa sallama ko da hakimi ne ya zo wucewa. Da tafin hannu yake saurare. Akwai rijiyar da ke tara mugun iska a ƙasa, mutum ya ji barci-barci, ya zauna ya jingina, shi ke nan. Ba ya ihu, ba ya jan igiya. Mai riƙo ne zai ji motsi ya ɗauke, ya fizgo shi tun da sauran numfashi. Sau uku Maccido yana fito da Na'Allah a haka, kuma duk sau ukun da ya farfaɗo sai ya hau mitar an katse masa barci.

Shekara uku bayan babban yaƙin Turawa na biyu damina ta yi gardama, gero bai yi abin kirki ba. A kasuwar Tambuwal suka ji fatake na cewa Faransawa suna haƙa rijiyoyin siminti can wajen Doso, suna neman masu sana'ar ido rufe. Ba wanda ya tuna ya gaya musu da wane harshe ake neman aikin. Goggo Dada ta zauna ta tufka sabuwar igiya gaba talatin. Ranar tafiya ba ta miƙa wa ɗanta ba, a hannun Maccido ta danƙa ta, ta ce ga ta nan, shi ya san abin da ke ɗaure a ɗaya bakin.

Suka bi ta Jega da Birnin Kabi a ƙafa, suka ƙetare iyaka ta Kamba. A Doso suka tarar Hausa tana sayen fura a kasuwa, amma ba ta buɗe ƙofar ma'aikata. Can ciki Faransanci ake yi, kuma shugaban leburori mutumin Dahome ne, in ya buɗe baki sai ka ce ana soya gyaɗa. Suka zama 'yan kallo. In jama'a sun tashi su tashi, in sun zauna su zauna. Wata rana suka bi dogon layi tun hantsi har azahar suna murna, ashe na lambar agana ne. Suka fito da tsaga a dantse, ba aiki. Na'Allah ya ce ba laifi, ko ba komai Faranshi ta san da zuwansu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kwana goma sha bakwai suna zarya, garin geron da suka zo da shi ya ƙare, suka koma cin ƙanzon da wata mai tuwo ke tausaya musu da shi.

Ran na sha takwas Baturen rijiyoyi ya fito da kansa. Maccido ya ɗaga dagi da igiya sama don a gani. Baturen ya matso, ya matsa dantsensa kamar mai tayin bijimi, ya gyaɗa kai. Ya dubi Na'Allah daga sama har ƙasa, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna Maccido da shi. Na'Allah bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya cusa ɗaya bakin a hannun Maccido, ya tsuguna yana kwaikwayon haƙa, ya langaɓe kamar ya suma, ya nuna yadda ake jawo shi. Jama'a suka kwashe da dariya, Baturen ma ya dara. Ya sake ɗaga yatsa ɗaya.

To, ga abin da Maccido bai gaya wa kowa ba. Taku goma daga inda suke akwai wani ɗan doka Ba'are, mutumin Dogon Dutsi, wanda ke gaisawa da su da Hausa kowace safiya, yana kuma jin Faransanci. Kira ɗaya ya isa ya zo ya bayyana wa Bature cewa waɗannan biyun mutum ɗaya ne. Maccido ya gan shi sarai. Amma ya ji tsoron in ya ja magana a ce to duk su tafi, ga kuma ƙanshin shinkafar leburori yana tasowa daga bayan katanga. Ya saki igiyar, ya miƙa babban yatsa aka dangwala masa tawada a takardar ɗaukar aiki.

Na'Allah ya kwance ƙugunsa da kansa, ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa. "Tafi, bawana," ya ce, "ka ci har da rabona. Ni daɗai na iya rama."

Aikin da aka ba Maccido na murɗa wani ƙarfe ne mai saukar da zoben siminti cikin rami, aikin da ko jaki zai iya in an ba shi hannu. Wata huɗu yana yi. Kullum yana gaya wa kansa da zarar bakinsa ya kama 'yan kalmomi zai roƙar wa Na'Allah. Bakin ya kama. Ya iya neman ƙarin shinkafa, ya iya cewa hannunsa na ciwo, har ya iya gaida Bature a amsa masa. Na Na'Allah ne dai kullum sai gobe. Ya yi ƙiba a wata huɗun nan, kuma har ya tsufa yana jin kunyar wannan ƙibar.

Shi kuwa Na'Allah ya shiga ƙauyukan Zabarmawa yana yashe tsofaffin rijiyoyi a ba shi abinci. A wani ƙauye mai tafiyar rabin yini daga inda Maccido ke aiki, manoma shida suka riƙe masa igiya. Mutanen kirki ne, ba su da laifin komai. Sun riƙe da ƙarfinsu, suna hira suna jira ya ja su jawo. Bai ja ba. Wani mai jakin gishiri ne ya kawo labari bayan kwana uku, an riga an rufe Na'Allah. Maccido ya je ya ga kabarin, suka ba shi dagin da igiyar, suna ta ba shi haƙuri da harshen da bai ji.

A hanyar gida ya shirya faɗin gaskiya, har ya jera kalmomin. Amma da ya durƙusa gaban Goggo Dada, ta dubi igiyar ta tambaye shi ina yake lokacin, kafin ya buɗe baki wani dattijon unguwa, Lauwali, ya ce ai kowa ya san halin Faranshi, raba mutane suke yi kamar awaki. Maccido ya ga ƙofa a buɗe ya shige. Ya ce kama hannunsa aka yi aka dangwala, bai san abin da ake faɗi ba, kafin ya farga an tura shi mota. Aka yi ta salati, har da masu ba shi haƙuri.

Da Goggo ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta mayar da shi ɗa. Kullum da hantsi ƙwaryar furarta na ƙetare danga. Kowace asuba kuma, in ta idar da salla, yana jin ta daga ɗakinsa, don ba ta iya addu'a a ɓoye ba. Ta nema wa Na'Allah rahama, ta sa wa Maccido albarka da sunansa, sannan ta kai ƙarar Baturen da ya raba su wurin Allah, ta ce ba ta yafe ba. Shekara goma sha ɗaya a haka, ba fashi. Bai sake riƙe wa kowa igiya ba, ko an zo har gida an roƙe shi. Ya koma noma da tufka, mutane suka ce baƙin ciki ne, ya bar su a kan haka.

Da jikinta ya fara ƙi, ta shiga neman gafarar mutane irin na tsofaffi, gida gida. Wata la'asar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta gaya masa ta yafe wa kowa a duniya sai mutum ɗaya, shi kam sai sun tsaya gaban Allah. Nan Maccido ya ji ba zai iya barin ta ta tafi da wannan ba. Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata duka, da yatsan, da ɗan dokan, da shinkafar.

"Goggo, ba a kama hannuna ba," ya ce. "Ni nim miƙa shi. Na gane abin da Annasara ka nufi sarai."

Hannunta na cikin gyaɗar. Ya jira zagi, ya jira kuka, ko ɗaya bai zo ba.

"Shekara sha ɗaya nika kai ƙarar bawan Allah da bai yi mani komi ba," ta ce a hankali. "Kana ji ta bayan danga, Maccido. Kab bar ni ina ɗaukar alhaki nai."

Washegari da hantsi furar ta ƙetaro kamar kullum, kuma ba ta fasa ba har watanni biyar da suka rage mata. Ba ta gaya wa kowa ba, har yau a Kebbe Bature ake zagi. Amma tun asubar farko Maccido ya kasa kunne. Ya ji ta nema wa Na'Allah rahama. Ya ji ta roƙi Allah Ya yafe mata abin da ta ɗora wa baƙon mutum, in yana raye Ya ba shi lafiya. Ya riƙe numfashi yana jiran sunansa, ko da albarka ko da akasinta. Sai ya ji ta shafa, ta naɗe tabarma.