Nonon Gwaggo

A shekarar da nake karatun allo a zauren malamin unguwarmu a Gure, wajen ƙarshen sanyi, nonon Inna na hagu ya kumbura. Ƙanena yana jariri, ko zama bai fara ba. Wanzami ya zo ya yi sakiya, ruwa ya fita, kumburin ya dawo ya fi na da. Daga nan zazzaɓi ya kama ta, ɗayan nonon ma ya ƙafe. Mai allurar da yakan zo bariki ya duba, ya ce wa Baba wannan aikin wuƙa ne, sai gidan likita na Damagaram, kuma kada a bari zafi ya shigo.

Ni ba mai magana ba ce. In manya na shawara nakan zauna gindin turmi da allona a cinya kamar ina bita, kowa ya manta da ni. Daga nan na ga yadda aka shirya tafiyar.

Baba ya sami madugun wani ayari mai kai kanwa da dabino yamma, wanda zai tashi washegarin kasuwa. Madugun ya yarda su Inna su bi shi, amma ya ce raƙumansa ba sa jiran kowa, kuma ba wani ayarin a bayansa sai zafi ya wuce. Maƙwabcinmu ya ba da aron takarkari mai sanyin tafiya, aka ɗinka masa shimfiɗa da tsofaffin zannuwa. Yayar Inna ta zo daga Gamu don ta yi jinya a can. Iya, kakata ta wajen uba, ta tuna da wani ɗan ɗakinsu da ke Zangon Damagaram, aka aika masa baki da masu shanu cewa baƙi na tafe. Aka jiƙa salkar ruwa don ta daina yoyo. Mata suka daka gero, suka ƙulla cuku da busasshiyar kuɓewa da barkono. Har wanda zai yi banruwa a lambunmu na kwari an samu.

Abu ɗaya ya rage: bakin jariri.

Ba a tafiya da shi, uwa ba nono, hanya kuma rairayi da rana. Mun gwada nonon akuya. Ni nake tsoma tsumma ina matsa masa a baki, ya haɗiye, jim kaɗan ya dawo da shi a kafaɗata. Maɗigarsa ta faɗa har nakan ga tana bugawa. Kukansa ya koma kamar na ɗan akuyar da ya kwana a sanyi. Mai goyon da ke bayan gidanmu ta sami ciki, an hana ta ba da nono. An ambaci wata a Bune, aka tarar sun tashi da dabbobinsu. Inna kuwa ta juya fuska ga dangar kara ta ce ba inda za ta ta bar shi da yunwa, gara a haƙa musu rami ɗaya.

Kowa ya san mai nono tana nan kusa. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda ta yi shekara da shekaru ba haihuwa, sai bana Allah ya ba ta 'ya mace. Amma kakanmu kafin ya rasu ya bar magana: kada a raba lambun dabinonsa, in ɗansa ya haifi namiji 'yarsa ta haifi mace, a haɗa su, lambu ya zauna a gida. Mijin Gwaggo ba shi da ko tushen dabino ɗaya, ta wannan auren kaɗai 'yarta za ta ci lambun. Kuma ko mu 'yan allo mun ji a bakin malam cewa yaran da suka sha nono ɗaya, ko tsotso guda ne, sun zama wa da ƙanwa, ba aure tsakaninsu har abada.

Baba ya je wurinta ya dawo yana kallon ƙasa. Ta ce masa, yaya, wasiyyar mamaci ce, ita ba ta iya taka ta. Iya ta je da sandarta, muka jiyo muryarta daga ƙetaren danga tana cewa, to wa za a aura wa 'yar taki, kabari? Gwaggo ta yi kuka ta ce a gwada nonon saniya. Daga ranar ta daina shigowa gidanmu, sai dai ta aiko da kunu.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Da safe muka ji gurnanin raƙuma ana labta musu kaya a bakin gari. Takarkari na tsaye a ƙofar gida da kaya a kansa. Yayar Inna ta ɗaura ɗamara tana roƙo, Inna na zaune kan tabarma, hannu ɗaya tallafe da ƙirjinta, leɓunanta sun tsattsage, ta ƙi tashi. Madugu ya aiko sau ɗaya ya ce ba zai sake aikowa ba. Baba ya kwance igiyar takarkarin ya ɗaure, ya sake kwancewa.

Sai ga Gwaggo da ƙwaryar dakuwa, 'yarta a baya. Ta tsaya a bakin zaure ba ta shigo ba, ta dubi Inna.

"Matarmu, ga guzuri. Allah ya ba da lafiya."

Ƙanena yana goye a bayana, ya fara wannan siririn kukan nasa. Na ga Gwaggo ta matse hannuwanta a ƙirji. Na ga zanenta na baƙin saƙi ya yi duhu a wuri biyu, duhun yana faɗi yana gangarowa. Ban taɓa fara yi wa babba magana ba. Ƙafafuna suka kai ni gabanta, na tsaya ina kallon yatsunta masu lalle.

"Gwaggo, zanenki ya jiƙe."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta aje ƙwaryar a ƙasa, ta zauna nan kan dakalin zaure inda maza ke zama, ta ce in juyo. Ta kwance majanyin ta karɓe shi. Da farko bai kama ba, ƙarfinsa ya ƙare, sai da ta matsa masa a leɓe. Da ya kama, duk zauren ana jin haɗiyarsa.

"Shi ke nan lambu," in ji Gwaggo, ba ta ɗaga kai ba. "Tashi ki hau, matarmu, kada ki sa in yi asara biyu."

Aka ɗora Inna. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona a gaban mutane ba. Da takarkarin ya motsa ta ce, "Ke, ki riƙa kai shi wajen gwaggonku da wuri." Na bi su har bayan tudun yashi, sun cim ma wutsiyar ayarin da ƙyar.

Sai da gero ya yi kai Inna ta dawo, a rame, zanenta ya faɗa ta gefen hagu inda aka cire nonon. Na miƙa mata ƙanena, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Ya dube ta, ya tsala ihu, ya miƙa hannu wajen Gwaggo.