Sunan da Malam Rafi'u Ba Ya Kira

Malam Rafi'u direba ne a gidan da nake girki, can unguwar Abhur a Jidda. Mutumin Damagaram ne, tun da ƙuruciya ya zo Jidda, ga shi furfura ta cim masa a bayan sitiyari yana ta sabunta iƙama, takardar izinin zama. Ɗakinsa na jikin ƙofar gida, daga shi sai tabarma sai butar shayi. Bai taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsa. Nijar ya baro ta da wuri, nan kuwa wa ke tambayar baƙo ra'ayinsa?

'Ya ɗaya gare shi, Naja'atu. Da uwarta ta rasu, kawunta ya tafi da ita Faransa tana ƙarama. Can ta yi karatu, can ta samu takardar zama 'yar ƙasa. 'Yar fari ce, shi ya sa Malam ba ya kama sunanta. Sai dai "waccan", ko "mutuniyar". A waya ma, "Ke, kina lafiya?" Ni kam abin na ba ni haushi.

Na ce, "Haba Malam! Yarinyar da ta tashi cikin Turawa, ina ta san wannan kunyar taka?"

Ya ce, "Shatu, haka na taras ana yi."

Da zaɓen kansiloli ya zo a garinsu can Faransa, sai ga hoton fosta ta turo masa. Ga ta nan kafaɗa da kafaɗa da mai neman magajin gari, ita kaɗai ce baƙa a cikinsu. Wayyo, zo ka ga murna! Babu wanda bai nuna wa ba, har kafilinmu, wato maigidanmu Nayef, wanda ya ce masha Allah ba tare da ya ɗago kai ba. Malam ya riƙa cewa mutuniyar ta zama hukuma. Na ce masa fosta fa ba kujera ba ce, ya ce baƙin ciki nake.

Ita ta yi masa bayani. A can ba mutum ɗaya ake zaɓa ba, jerin sunaye ake zaɓa dungurungum. Kujerun da jerin ya ci, daga sama ake rabo har su ƙare. Fuskarta tana gaba a fosta, sunanta kuwa yana can ƙasa. Malam ya ce in Allah ya so rabo zai kai.

Washegarin zaɓe da safe yana wanke mota ta kira. Kunnensa ya yi nauyi, sai ya buɗe muryar wayar, ni kuma ina tsaye da kwandon kayan miya. Rabo ya ƙare bai iso kanta ba. Kuka take.

"Baba, fuskata suka so, ba ni ba. Duk yawon kamfen ɗin nan mai neman magajin garin bai taɓa faɗin sunana ba, sai dai 'yarinyarmu ta unguwa'." Ta ja numfashi. "Kai ma haka ne, Baba. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Don Allah ka kira ni, ko sau ɗaya."

Ruwa na ta zuba daga tiyo yana jiƙa masa ƙafa. Na ga leɓensa na motsi. Na dalla masa harara, na ce a hankali, "Yalla, faɗa mana!"

Ya ce, "Ke... ki yi haƙuri. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Can ta ce, "To, Baba." Halas, shi ke nan, waya ta katse. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa kwandon nan, sai kuma tausayinsa ya kama ni.

Tun ranar ba ta sake kira ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na kai masa abinci, sai na ji murya daga ɗakin, ƙasa-ƙasa.

"Naja'atu. Naja'atu."

Daɗi ya kama ni, na leƙa. Yana zaune shi kaɗai, wayar tana kife a kan tabarma.

Na ce, "Malam, ai ba ta jin ka. Danna kiran mana!"

Ya sunkuyar da kai. "Bari dai bakin ya saba, Shatu."