Hular da Kwamfuta Ta Ce a Sayar

Mahaifina sana'ar hula ya gada. Yana da 'yar rumfa a cikin kasuwar Kurmi, kuma kullum da ƙafa yake zuwa daga gidanmu na Sheshe. Kakanninmu daga Borno suka zo tun da daɗewa. Barbarcin ya gudu ya bar mu da gaisuwa kawai, amma hula da masu sayenta suka tsaya, don rabin abokan cinikin Baba mutanen gabas ne. Mutum zai zo ya zaɓi zane da kalar zare, Baba ya dubi kansa sau ɗaya ya faɗi lambar hular da za ta yi masa, a kai wa masu ɗinki. Idan hula ta fito bayan wata uku ko huɗu, a wanke ta a sa sitaci, a maƙala mata 'yar takarda da sunan mai ita da ajami, a ajiye a wata tsohuwar adaka da ke ƙuryar rumfa. Babu kafin alƙalami, babu wa'adi. Hula tana nan har mai ita ya zo, ko magajinsa.

Sai shekarun tashin hankali suka shigo. Bom ya tashi nan, gobe ya tashi can, sojoji suka cika tituna da buhunan yashi, hanyar Maiduguri ta zama sai wanda ya shirya wa komai. Mutanen gabas suka ɗauke ƙafa. Adaka ta cika har murfinta ba ya rufuwa sai an zauna a kai.

A daidai lokacin ne na gama difloma a kan kwamfuta, kuma ban taɓa ganin mai ilimi kamata ba. Ina yawo da jakar laftof a kafaɗa ko gidan suna za ni. Na dubi garin da ke cin wuta, na dubi rumfar da ba kowa, na yanke hukunci cewa matsalarmu ita ce rashin tsari. Na ce wa Baba akwai manhajar da ake sawa a kwamfuta ta riƙa kula da abokan ciniki: ta san wanda ya zo, ta san wanda ya daina zuwa, ta faɗi abin da za a yi da kowa. Ya tambaye ni ko tana zuwa gaisuwar mutuwa. Na yi dariya irin ta wanda yake tausaya wa tsoho. Da na dame shi, ya ce in yi abin da na ga dama, amma kada in tare masa hanyar iska da na'urata.

Wata guda na yi ina zaɓe, kamar mai neman aure. Ta farko ta Turawa ce, ba ta karɓar mutum sai an rubuta ranar haihuwarsa da adireshin imel. Dattawan da in ka tambaye su shekarunsu sai su ce an haife su shekarar da aka yi fara, su ne za a aika wa katin murnar zagayowar ranar haihuwa. Ta biyu ba ta motsi sai da intanet, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa mai sauri. Ta uku wani saurayi ne ya kawo ta har rumfa, da kwat da jan laktaye a tsakiyar zafin bazara, gumi na bin wuyansa. Kalma uku in ya yi da Hausa sai ya wanke bakinsa da Turanci biyar. Bai taɓa sa hula ba, ka gani a askinsa, amma ya tsaya yana koya wa Baba yadda ake riƙe mai sayen hula. Tasa na zaɓa, kuma dalilina shi ne tana da kaloli. Wanda ya zo kwanan nan kore ne, wanda ya ɗan jima ruwan ɗorawa, wanda ya wuce wata shida bai leƙo ba ja. Kalolin nan suka tafi da hankalina.

Na zauna shigar da mutane. In na tambayi Baba lambar wayar wani, sai ya ce ai surukin wane ne, kansa ashirin da uku da rabi, ba ya son zare mai haske, ɗansa na fari ya rasu a Makka. Manhajar ba ta da gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka na watsar da su a matsayin surutu. Da na gama, allon ya yi jawur daga sama har ƙasa. Ta kuma ba da shawara da Turancinta mai ladabi cewa kayan da aka ware wa jajayen nan a sake su a kasuwa, don mutanen sun sauya wurin sayayya. Mutanen da ake ƙona wa garuruwa, ita a ganinta wata rumfar suka koma.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah ƙanin Baba ya rasu a Gwammaja, Baba ya yi kwana uku a wurin zaman makoki. Ni kaɗai a rumfa, ga masu neman hular Sallah. Na buɗe adaka na cire takardun ajamin nan ɗaya bayan ɗaya, na sayar da hula goma sha ɗaya. Da ya dawo na ce masa kasuwa ta motsa, kuma aikin kwamfuta ne. Ya sa mini albarka. Na karɓa ban ji komai ba, kuma har yau wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan Sallah da kamar wata biyu, wata ranar da la'asar, wani dattijo ya yi sallama. Sai da Baba ya miƙe tsaye na gane shi. Wani Alhaji ne mai fataucin busasshen kifi daga bakin tafkin Chadi, wanda a da yake zuwa da babbar riga da mota cike da kwalayen kifi. Yanzu riga ce ta aro a jikinsa, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, kansa kuma babu komai sai furfura. Suka daɗe suna gaisawa. Ya ba da labari a taƙaice, ba tare da ya ɗaga murya ba: an shiga garinsu, gida da shago sun ƙone, ya yi kwanaki a daji da ƙafa, yanzu yana raɓe a wurin wani ɗan'uwansa a unguwar Kabara.

Sannan ya ce, “Malam, a hanya na yi ta tunani. Na duba na ga abin da ya rage nawa a duniya shi ne hular nan da ke wurinka. Ba yau zan karɓa ba, so nake in gan ta kawai.”

Baba ya ce, “Yau za ka karɓa, Alhaji.” Ya juyo ya ce in buɗe adaka in ɗauko mai ruwan toka da baƙin zare.

Na san wadda yake nufi. Wani ɗan siyasa na sayar wa da ita, har ya yaba aikin. Na durƙusa gaban adaka ina juya huluna kamar mai nema, ina fata ƙasa ta tsage. Baba ya bar ni na yi ta juyawa. Da na gaji na ce, “Baba, na sayar. Kwamfuta ce ta nuna ya daina zuwa.” Da bakina na faɗi haka, a gaban mutumin da ya tako daga bakin tafki.

Alhajin ya fara cewa ba komai, Allah bai yi rabonsa ba ce. Baba bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya sa hannu biyu ya cire hular da ke kansa, wadda ya fi ji da ita, ya karkaɗe ta ya ɗora a kan baƙon. Ta yi masa kaɗan, don kan Alhaji ya fi na Baba da lamba ɗaya da rabi. Baba ya ce ya yi maneji da ita, za a ɗinka masa tasa sabuwa, zane iri ɗaya.

Rumfa cike take da huluna, a rataye da a jere, amma Baba bai ɗauki ko ɗaya ba. Da magariba ta gabato ya rufe rumfa, ya kama hanyar Sheshe da kansa a buɗe, mutum mai shekara kusan saba'in wanda ko ni ban taɓa ganin tsakiyar kansa a waje ba. Masu gaishe shi suna durƙusawa suna kawar da ido. Wani maƙwabcinmu ya tare shi a bakin lungu ya tambaya ko lafiya.

Baba ya ce, “Lafiya lau. Amana aka ba ni ta salwanta.”

Bai ce ni ne ba. Ina bayansa da taku uku, da jakar laftof a kafaɗa, da hulata a kaina, har muka shiga gida.