Malam Tahiru da Takardar da Kowa Ke Tsallakewa

Duk mai bi ta bayan Kasuwar Dole da safe ya san ƙarar mobilet ɗin Malam Tahiru Gambo tun kafin ya hango shi. Tsohuwar ƙaramar babur ce, tana tari kamar mai ita, amma ba ta taɓa sa shi makara ba. Ƙarfe bakwai da rabi zai jingine ta a gindin dogon yaro, ya buɗe ɗakin nan mai shuɗiyar ƙofa inda yake koya wa matasa rubuta manhajar kwamfuta, ya yaye zannuwan da matarsa Fanta ta ɗinka wa kwamfutoci, ya ninke su ɗaya bayan ɗaya. In da wuta, ya kunna injuna. In babu, ya ɗauki alli, don a wurinsa wanda bai iya tsara manhaja a allo ba, ko sabon inji aka ba shi ba zai iya ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai miƙa makulli, ido ya gaji, ƙananan haruffa sun fara yi masa rawa.

Malamin lissafi ne a lakwal, wato makarantar boko, kafin wannan ɗaki ya sace masa zuciya. Waɗanda suka riski farkon abin ba sa mance shi. A lokacin, wuraren intanet na Damagaram ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma kafin shafi guda ya buɗe an sha shayi na farko, an ɗora na biyu. Kayan aikin rubuta manhaja na sayarwa sun fi ƙarfin kowa, don haka Malam ya koma farautar na kyauta, waɗanda masu su suka saki don kowa ya amfana. Sai ya yi kwana uku yana sauke abu ɗaya, wuta ta ɗauke ana dab da gamawa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya sake daga farko. Duk abin da ya samu, ya zuba a faifai, ya rubuta kwanan wata, ya ajiye a wani akwatin ƙarfe. Ɗalibai suka raɗa wa akwatin suna kabarin faifai, Fanta kuwa ta sha cewa ranar da ya yi tafiya za ta ba masu gwangwan.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, kuma aka fi tsokanarsa a kai, shi ne karatun lasisi. Kowane kayan aiki na kyauta yana zuwa da takardar sharuɗɗa, doguwa, wadda duk duniya ke tsallakewa ta danna “na yarda”. Malam Tahiru ba ya tsallakewa. Zai gyara tabarau, ya jawo ƙamus, ya bi ta layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ɗalibai na hamma a bayansa.

In an ce masa ai kyauta ce, sai ya ba da labarin mahaifinsa, manomi a Gidimuni, wanda ya yi shekaru yana noma gonar aro a bakin tafki. Ya shuka abin da ya ga dama, ya ci, ya sayar, amma bai taɓa dasa itace ko gina rijiya a ciki ba, don aro bai kai nan ba. “Kyauta ma tana da iyaka,” in ji Malam. “Wani ya ce ka ɗauka ka sayar, kada dai ka goge sunansa. Wani ya ce in ka gina a kan nawa, kai ma ka buɗe naka ga mutane. Wani kuma koyo kawai ya yarje maka, ranar da ka kai kasuwa ka ƙetare iyaka.”

Da ya ga yaran ba za su iya da turancin lauyoyi ba, sai ya sayi babban kaye, wato littafin rubutu, ya riƙa rubuta kowane kayan aiki da sharaɗinsa da Hausa, a layi biyu ko uku. Kayen Malam ya yi suna. An kwafe shi, ya je Maraɗi, ya je Yamai. Kafin ka ce kwabo, an daina tambayar abin da takarda ta ce, sai dai abin da kayen Malam ya ce. Shi ma abin ya yi masa daɗi, ɗan adam ne.

A nan ne ƙaya ta shiga, kuma Husaina ce ta taka. Husaina ɗalibarsa ce ta da, ’yar unguwar Zango, mai kaifin kai da kaifin baki. Shekara biyu ta yi tana gina manhajar da ke faɗakar da masu farmasi kafin magani ya lalace a kan kantar shago. Wani kamfanin rarraba magunguna a Yamai ya gani ya yaba, aka sa ranar sa hannu. Cikin yarjejeniyar akwai layin da za ta tabbatar cewa duk abin da ke cikin manhajar tana da izinin sayar da shi. Wannan ne aikinta na farko, kuma a kansa ta ƙi tayin aikin ofis har sau biyu, danginta na zuba ido su ga inda taurin kai zai kai ta.

Saura kwana tara ta kawo masa aikin da hantsi, ba don ya bincika ba, don ya sa albarka. Malam kuwa hali zanen dutse. Ya buɗe takardun lasisi ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan kayan da ke fitar mata da rahoto a takarda. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

“Husaina, wannan lisans ɗin kin karanta shi?”

“Na duba kayenka, Malam. Shafi na arba’in da ɗaya. Ka rubuta a ɗauka a sayar.”

“Haka na rubuta. Amma wancan tsohon zubi ne. Wannan sabon da kika sauke, masu shi sun sauya magana. Koyo kawai suka yarda.”

Ta yi ’yar dariyar da ba ta kai zuci ba. “Malam, mutanen nan suna can ƙasar da ko sunan Damagaram ba su taɓa ji ba. Wa zai sani?”

“Ke kin sani. Ni ma yanzu na sani. Kuma hannunki za ki sa a ƙarƙashin maganar da ba haka take ba.”

“Kwana tara fa ya rage. In na ce su jira, wani za su ba.”

Waɗanda ke ɗakin sun zaci zai yi mata faɗa. Sai ya jawo kayen nan da ake ji da shi, ya buɗe shafi na arba’in da ɗaya, ya ja masa jan layi a gaban kowa. “Laifina ne,” ya ce. “Na koya muku karanta kayena, ban koya muku komawa ga takardar mai abu ba. Ni na sa ki a ramin nan, tare za mu fita.”

Sun duba shafin masu kayan, an cire tsohon zubin. Sun rubuta musu wasiƙa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A rana ta uku Malam ya durƙusa gaban kabarin faifai, ya yi ta fiddawa yana karanta kwanan wata da ƙyar, har ya zaro wani faifai mai shekara goma sha ɗaya. Tsohon zubin na ciki, da takardarsa a gefe, wadda ta ce a ɗauka, a gyara, a sayar, a bar sunan masu shi kawai. Abin da aka bayar a kan wannan sharaɗi yana nan a kansa, sabon sharaɗi na sabon zubi ne.

Sai dai tsohon bai san rabin abin da sabon ya iya ba. Kwana biyar Husaina na cike giɓin da hannunta, daga safe zuwa la’asar, cikin zafin bazara, Malam na gefe yana gwada duk abin da ta gama, Fanta na aiko musu da fura, ba ta ƙara ambaton masu gwangwan ba. Ta hau motar Yamai ana gobe sa hannu. Ta sa hannunta da zuciya ɗaya, kuma yau manhajarta na aiki a farmasi da dama.

Malam Tahiru, kai ne wanda ya ja wa aikin hannunsa jan layi don kada ɗalibarsa ta yi ƙarya. Kai ne mai mutunta haƙƙin mutanen da ba za su taɓa sanin ka yi ba. Gagara gajiya, ɗan manomin Gidimuni. Ba a taɓa kiranka a ba ka lambar yabo ba, mobilet ɗinka ma ba ta sauya ba, amma a ofisoshi da shagunan garin nan akwai mutane masu furfura a gemu da har yau in sun zo danna “na yarda” sai hannunsu ya tsaya, su ji kamar kana tsaye a bayansu. Za mu yi kewar shuɗiyar ƙofar nan, da ƙamshin shayi, da faɗanka mai sanyi.

Makon jiya tsofaffin ɗalibai suka taru a ɗakin don sallama. Husaina ta buɗe masa shafin ƙarshe na manhajarta, inda ta jera sunayen duk waɗanda ta yi amfani da kayansu, kamar yadda takardunsu suka nema. Ta ƙara girman haruffa don ya gani. A ƙasan jerin ga sunansa, Tahiru Gambo, Damagaram.

“Cire wannan,” ya ce. “Ko layi ɗaya ban rubuta a ciki ba. Babu lisans ɗin da ya ce ki sa ni.”

“Babu, Malam. Amma kai ka koya mana ba a goge sunan wanda aka gina a kan nasa.”

Malam ya sake kallon sunansa a shafin. Sai ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma masu tasowa, da ke sauke a minti guda abin da ya yi kwana uku yana jira, ku ɗauki kyauta ku ci moriyarta, amma ku buɗe takardar ku karanta da idonku, ku tsaya inda mai abu ya ce a tsaya. Sunan Malam kuwa yana nan a shafin, Husaina ba ta cire ba.