Cigiyar ɗan kunnen Hadiza

Na'urar ta sake yin ƙara, na durƙusa ina tonon yashi da hannu. Murfin kwalba ne, kamar na ɗazu.

Sabuwar na'urar gano ƙarfe ce, jiya na saye ta. Tun asuba muka baro garin Greensboro ni da 'yata Nana, muka nufi bakin tekun da marigayiya matata Hadiza ta yar da ɗan kunnenta na zinari bara. Gadon mahaifiyarta ne daga Maraɗi. Ɗaya warin yana wurin Nana, ta ƙi sa shi shi kaɗai.

Har la'asar ba mu samu komai ba sai gwangwani da ƙusa. Can sai ga zoben zinari, irin na auren Turawa.

Nana ta ce, "Baba, mu riƙe wannan a madadin na Mama mana."

Na ce, "A'a, tsintuwa ce. Sai an yi cigiya, mai shi yana can yana nema."

Ta kalli ruwa, sannan ta ce, "To wanda ya tsinci na Mama fa? Me ya sa shi bai yi cigiya ba?"

Zoben na kai ofishin masu tsaron wurin, muka dawo gida.

Jama'a, da ku ne me za ku ce mata? Har yanzu tana jiran amsa.